Birnin Kebbi zuwa Abuja a jirgin sama: awa nawa?

Bakabe: Jama'a, Birnin Kebbi zuwa Abuja a jirgi kilomita nawa ne? Ina da taro ƙarfe 2 na rana.

Ɗan Argungu: Kusan kilomita 500 ne kai tsaye, daga filin Sir Ahmadu Bello na Ambursa zuwa Nnamdi Azikiwe. Babban jirgi bai cika awa ɗaya a sama ba, mai farfela kan ɗan zarce awa.

'Yar Jega: Malam, lissafinka ya fara daga gida. Ka isa awa biyu kafin tashi saboda awon kaya. In ka sauka kuma, cikin gari kusan kilomita 40 ne, ga cunkoson Lugbe.

Ɗan Argungu: Gaskiyarki, Hajiya. Lokacin hunturu ma hazo kan hana jirgi sauka, a ɗage tashi. Gara ka kwana Abuja.