Batirin laftof a fitilar goshi: zai ƙone ta ko kuwa?

Mai keken Gwallameji: Salam jama'a. Fitilar goshi mai cin ƙananan batir uku na ɗaure a kan kekena, da ita nake dawowa daga Wunti bayan isha'i. Sayen batir ya ishe ni. An ce in sa ɗaya daga cikin dogayen nan da ake cirowa a tsohon batirin laftof, wai ya fi su. Gaskiya ne?

Kawu mai rediyo: Kar ka soma, ɗana. Abin da ke tada kwamfuta ne za ka ɗora wa ɗan ƙwan fitila? Ƙonewa zai yi.

Ɗalibar injiniya: Kawu, a gafarce ni, lissafi bai nuna haka ba. Ƙananan kowanne bolt 1.5 ne, uku a jere 4.5 ke nan. Dogon, wanda ake kira 18650, ko ya cika maƙil 4.2 yake, a aiki kuma wajen 3.7. Ajiya ya fi su da ita: sabo yakan ɗauki mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) 2,000 zuwa 3,500, ƙaramin kuwa wajen 1,000. Tankin ne ya fi girma, ruwan bai ƙara ƙarfi ba.

Kawu mai rediyo: 'Yata, to waɗanda ake kawo min teburina, ƙwan ya yi baƙi, robar ta narke, su fa?

Ɗalibar injiniya: Ka tambaye su, Kawu. Mai yiwuwa biyu suka jera, bolt 8.4. Wannan kam ba makawa.

Kawu mai rediyo: Har da masu ɗaya. Ƙananan batir da an kunna sai ƙarfinsu ya sauka, masu haɗa fitilu masu arha da wannan suka dogara. Shi wancan ba ya sauka haka, turawa yake yi, fitilar ta ɗau zafi.

Ɗalibar injiniya: Wannan gaskiya ne a kan masu arhar. Ya kunna ta minti goma ya taɓa. In ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, a sa ƙaramin rizisto, abin da ke rage wutar da ke wucewa, a layin.

Mai gyaran waya, kasuwar Muda Lawal: Ni ba ƙwan ke damuna ba, batirin ne. Tsirara ake ciro shi, ba kariya. Kar a liƙa masa dalma kai tsaye, a sayi gidansa. A sa ɗan allon caji TP4056 mai kariya, yana tsayar da caji a 4.2, yana yanke wuta kafin ya zuƙe. Wanda ledarsa ta yage ya goga ƙarfen keke, wuta ce. Kuma kar a bar shi a rana da zafin Afrilun Bauchi.

Direban Keke Napep: Don Allah ku sunkuyar da fitilar ƙasa! A hanyar Dass ido take kashe mana. Ku sa ja a baya kuma, ta baya ake kwashe mai keke.

Mai keken Gwallameji: Yaya, na ji. Fawa banki fa?

Ɗalibar injiniya: Bolt 5 yake bayarwa, ya haura 4.5. Ban ba ka shawara ba.

Kawu mai rediyo: Ni dai har yanzu ƙananan batir masu caji uku na saba sa wa mutane, 1.2 kowanne, ba yanka waya. Kawo ta gobe in ɗora mita mu gani.