Wa zai samo mana Hausar "introvert"?

Jama'a, ina fassara wani rubutu a kan masu aiki daga gida, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "introvert". Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, shi ya yaɗa ta a littafinsa na 1921, kuma asalinta daga Latin ne, wato juyawa ciki. A kan aikinsa Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ɗora, suka kasa halayen mutane gida 16. Rubutun nawa a kan 'yan rukunin INFP ne, ɗaya daga cikin gidajen nan 16, masu gudun hayaniya, waɗanda aiki ba ya yi musu daɗi sai zuciyarsu ta yarda da amfaninsa.

Da na jefa tambayar, na farko da ya amsa cewa ya yi "miskili". A'a, ɗan'uwa. Miskili yana jin ka sarai, ya ƙi tankawa don ganin dama. "Mai kunya" ma bai hau ba, don wannan mutumin zai iya tsayawa gaban taro ya yi jawabi tiryan-tiryan, sai dai ya koma gida a gajiye tilis kamar wanda ya wuni a gona. Cuɗanya ce ke cinye masa ƙarfi, zama shi kaɗai ya mayar masa. "Mai zurfin ciki" kuwa damuwarsa yake ɓoyewa, wata magana ce daban. Wanda ya kawo "makaɗaici", mu bar wa Allah sunansa.

Wani dattijo ya ce "ɗan halwa". Baba, wallahi taka ta fi burge ni, tunda mai halwa janyewa yake ya dawo da ƙarfi. Amma tana ƙanshin ibada, mai karatu zai zaci carbi ake ja, alhali mutum na gaban kwamfuta.

Ni dai na tsaya a kan "mai son keɓewa", halin kuma "son keɓewa". Babu zagi a ciki, babu yabo.

Af, rubutun ya nuna tun kullen korona na 2020 masu son keɓewa suka tsinci dami a kala. A can ƙila. A gidan yawa kuwa, "tunda kana gida" ita ce ke kai ka cefane da ɗauko yara daga Islamiyya. Wannan fassarar ma bayan sallar asuba nake yin ta, kafin a fara sallama a zaure.