Adireshin mambobin gungu: a kod ko a fayil?

Injiniya: Salamu alaikum. Na ga jiya an kwashe saitin Hazelcast ɗinmu, manhajar da ke raba ajiyar bayanai tsakanin kwamfutoci da yawa, daga kod an kai cikin fayil ɗin hazelcast.yaml, kuma gaskiya ban gamsu ba. Yadda sabobi, wato kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu, ke gano juna su haɗu su zama gungu ɗaya, wurinsa cikin kod ne. Layi uku kacal: a ɗauko JoinConfig, wato saitin shiga gungu, a kashe multikas, hanyar gano juna ta shela, da getMulticastConfig().setEnabled(false), a kunna getTcpIpConfig() a zuba adireshi da addMember. Abin da ke cikin kod ba mai taɓa shi a ɓoye.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Ni na kwashe, Injiniya. Fayil ɗin ma yana Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, ana duba shi kamar kowane aiki. Ka tuna makon jiya da aka canza saba ɗaya? Sai da muka sake haɗa manhajar gaba ɗaya muka tura, don kawai adireshi guda ya sauya. Rabin yini ya tafi a kan haka.

Auta: Yaya, ku yi haƙuri da tambayata. Me ya hana mu bar multikas? A kwamfutata na tayar da mambobi biyu, suka ga juna ban rubuta adireshin kowa ba.

Injiniya: Ƙanena, multikas shela ce. Sabon mamba yana kira a adireshin 224.2.2.3, ƙofa 54327, duk wanda ya ji, in sunan gungunsu ɗaya, sai su haɗe. Sunan gungun da Hazelcast ke zuwa da shi kuwa dev ne, kuma mutane ba sa canzawa. A wurin aikina na baya, kwamfutar cinyar wani abokin aiki ta shiga gungun gwaji a haka. Hazelcast na raba bayanai kashi 271, nan take ya fara tura mata rabonta. Da ya rufe ta ya tafi gida, gungu ya koma kwashe-kwashe, mu kuma muna ta neman abin da ya jawo nauyi. Ban da haka, a AWS, inda ake hayar sabobin Amazon, shelar ba ta ratsa VPC, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwar da ake ba ka a can, yadda ka saba gani a ofis.

Hajiya: A kan multikas ba mu da saɓani. Damuwata jerin adireshin da aka daskarar cikin kod. Gaskiya ne ba dole a lissafa kowa ba, mamba ɗaya mai rai a jerin ya isa sabo ya shiga. To in duk waɗanda ke jerin sun canza adireshi fa? Sabon ya ƙwanƙwasa ƙofa 5701, wadda mambobi ke magana da juna ta kanta, shiru, sai ya kafa nasa gungu shi kaɗai. Gida biyu ke nan, kowanne na karɓar rubutu, ba wanda ya san da ɗan'uwansa.

Injiniya: Fayil ma zai tsufa haka, Hajiya.

Hajiya: Zai tsufa, amma gyaransa minti biyar ne.

Malam Babba: Abu biyu kuka haɗa. Akwai hanya, akwai adireshi. Hanyar ganowa, da sunan gungu na gaske, da ƙin tashi in jerin ya zo wayam, na goyi bayan Injiniya, a sa su a kod, don fayil ba ya iya cewa a'a. Adireshi kuwa kod ya karanto shi daga waje da System.getenv. In mun koma Kubernetes ma, tsarin da ke tayar da manhajoji yana kula da su a kan sabobi, maganar jeri ta ƙare, sunan DNS guda, wato suna mai kai ga adireshi, za a ba mamba ya nemo sauran. Amma Hajiya, wata tambaya: me ake miƙa wa newHazelcastInstance, umarnin da ke tayar da mamba, a yanzu? In new Config() ne, ba ya karanta fayil ɗinki sam. Config.load() ne ke karantawa.

Hajiya: Ranka ya daɗe, na duba. new Config() ne, kuma na goge layukan Injiniya. Ashe ba fayil ba kod, ba wanda ke aiki a reshen Git ɗin nan. Alhamdu lillahi bai bar gwaji ba.

Injiniya: Kar ki tura komai tukuna. Zan mayar da layukan, in cire adireshin daga ciki yadda Malam ya ce. Sai dai sunan gungu yana kod, wannan ban janye ba.

Hajiya: Na yarda, amma na gwaji da na aiki su bambanta. Auta, kai za ka gwada: tayar da uku, kashe na farko, tayar da na huɗu, ka turo mana jerin mambobin da ya buga.