Lambar girmamawa ta ƙasa: ta manya ce kaɗai?

Ɗan Jos: Ni dai har gobe ina kan bakana, lambar girmamawa ta ƙasa rabon ganima ce tsakanin manya. Ka riƙe gwamna ko minista, ko aiki ka yi ko barci, taka na nan tana jiranka.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, a yi a hankali. Kai da kake ɗan Filato ka manta da Liman Abdullahi Abubakar na yankin Barikin Ladi? A watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya bakin ƙofa yana roƙon maharan. Buhari ya ba shi lamba a 2022, kuma bai taɓa riƙe ko kansila ba.

Ɗan Jos: Baba, ai da shi ma zan kafa hujja. Wacce aka ba shi? MON, can ƙarshen tsani. Kuma sai da Amurka ta riga mu karrama shi a 2019, sannan muka farga.

Hajiyar Kantin Kwari: Ku fahimtar da ni, ashe lambar ma hawa-hawa ce?

Tsohon Hedimasta: Sosai, Hajiya. Tun dokar 1964 haka aka tsara. GCFR ta shugaban ƙasa ce, GCON an saba ba mataimakinsa da shugaban majalisar dattawa da alƙalin alƙalai, sai CFR da CON, a gangaro OFR da OON, har MFR da MON. Shata ma MON ya samu.

Hajiyar Kantin Kwari: Shata guda? To wallahi Ɗan Jos ya fi ka gaskiya, Malam. Kujera ake aunawa ke nan, ba aiki ba.

Tsohon Hedimasta: Ban ce babu gyara ba. Taiwo Akinkunmi da ya zana tutar Najeriya sai 2014 ya ga OFR, bayan shekara 50 da ɗoriya, abin kunya ne. Amma in lambar banza ce, me ya sa ƙin karɓarta ke girgiza gwamnati? Marubuci Chinua Achebe ya mayar da CFR sau biyu, 2004 da 2011. Lauyan nan mai kare haƙƙin ɗan Adam, Gani Fawehinmi, ya ƙi OFR a 2008.

Ɗan Jos: Shi Ganin kuma bayan ya mutu aka bi shi da GCON a 2018, lokacin da ba shi da bakin cewa a'a.

Hajiyar Kantin Kwari: Ni ungozomar unguwarmu nake tunawa. Rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo, ko tsakar dare ka buga mata ƙofa za ta ɗauki tocila ta biyo ka. Wa zai kai sunanta Abuja?

Tsohon Hedimasta: To ke da kika san ta, Hajiya, kin taɓa rubuta wa ko shugaban ƙaramar hukumarku a kanta?

Hajiyar Kantin Kwari: Malam, shi da ko ruwan famfo bai kawo mana ba?