Nima: ni'ima ce, ko garin Nii?

Baba na Tudu: Salamu alaikum. Jiya a wurin suna wani yaro ya tsaya gabana wai Nima, unguwarmu ta nan Accra, ba sunanmu ba ne, na mutanen Ga ne, ƙabilar da muka tarar a garin. Ni abin da na tashi na ji, Malam Amadu Futa ya sauka nan a farkon shekarun 1930, wurin duk daji ne da makiyayar shanu, aka ga albarkarsa aka ce ni'ima. Yau kuma za a ƙwace mana har suna?

Ticha: Wa alaikumussalam Baba, a gafarce ni. Filin nan daga hannun wa Malam Futa ya karɓa? Gidan Odoi Kwao, Ga ne na unguwar Osu. A harshen Ga, Nii dattijo ne ko sarki, man kuma gari. Ashaiman garin Ashai, Amasaman garin Amasa. Ka ga Nii man, Nima.

Hajiya Mai Koko: To Ticha, ina harafin ƙarshen ya tafi? Ashaiman bai zubar da nasa ba, Amasaman bai zubar ba, sai Nima kaɗai?

Ticha: Bakinmu ne ya cinye shi, Hajiya. Ba mu ne muka mai da Nkran, sunan Accra a Twi, harshen mutanen Ashanti, ta zama Ankara ba? Mu ma an yi mana, zango muka ce, aka rubuta Zongo, yanzu 'ya'yanmu Zongo suke faɗa.

Baba na Tudu: Ankara daban. Amma duba inda muka sauka mana. Tudu, Fadama, Sabon Zango na Malam Bako, Madina da aka kafa a 1959. Duk mu muka raɗa.

Hajiya Mai Koko: Fadama kam ba gardama. Wanda ya ga yadda kogin Odaw ke cika da damina, balle ya ga ruwan 3 ga Yuni 2015, ya san wanda ya sa sunan manomi ne, ƙasar ya kalla kafin ya buɗe baki.

Ticha: Yauwa, Fadama da Tudu kowane Bahaushe ya ji ya gane ba sai an yi masa fassara ba. Nima fa? Sai an ja ta an ƙara mata harafi kafin ta zama ni'ima.

Ɗan Ejura: Ku kuna da sauƙi, naku yana kan taswira. Gonar kakana a bayan garin Ejura, can yankin Ashanti, kowa Rafin Doya yake ce mata. Da muka je neman takardar fili, wanda ya zo awo ya rubuta sunan Twi da dagacin ya faɗa masa, a tsohon rasit na kakanmu kuma wani rubutun ne daban. Shekara biyu muna kai da komo, ana ce mana ba fili ɗaya ba ne.

Ticha: Dagacin bai yi ƙarya ba ai. Kafin kakanka ya dasa doya, wurin yana da suna.

Ɗan Ejura: Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma wa ya sare dajin?

Hajiya Mai Koko: Ku bi a hankali, maganar suna a Gana maganar fili ce, kuma akwai surukina Ga a wannan zauren.

Baba na Tudu: Surukin naki ya fito ya gaya mana wane Nii ne, sunansa wa. Ashai dai an faɗe shi, Amasa an faɗe shi.

Ticha: Wannan kam ba ni da amsarsa, Baba.

Baba na Tudu: To ka nemo. Ran Juma'a ina masallacin Kanda, layin farko.