Rigar sanyi ta hawan doki: abin da aka tattauna

’Yan uwa, ga taƙaitaccen abin da aka faɗa kan tambayar ƙaninmu mai kula da dawakan folo a Ikoyi, wanda zai tafi aikin barga Ingila a Disamba, kan irin rigar sanyi da ruwa da ya kamata ya saya.

1. Kowa ya yarda rigar ledar da muke sawa a ruwan Yuni da Yuli na Legas ba za ta yi ba. Tana tare ruwa, amma zufa za ta jiƙa ka daga ciki, sanyi ya kama ka.

2. A duba ɗinkin, a tabbata an liƙe shi ta ciki, don ta nan ruwa ke shiga. Lambar tare ruwa kuma, wato ma’aunin ƙarfin yadin wajen hana ruwa shiga, ta kai milimita 10,000.

3. Ta zama mai tsagu a baya don ta sauka kan sirdi, zif ɗinta mai buɗewa ta ƙasa.

4. Tsawo ne ya raba kawuna. Wasu sun ce doguwa mai maɗaurin ƙafa, ta rufe cinya. Masu sukuwa suka ce gajeriya, doguwa tana ɗaure mutum. Ni dai ina bayan doguwa, tunda aikin barga yini ake yi a waje.

5. Masu son Barbour, rigar wani kamfanin Ingila da ake shafa wa kaki don tare ruwa, sun ce tana daɗewa, wasu suka ce nauyi, kuma sai ana sake shafa mata kaki.

6. Daga ciki ulu, ban da auduga.

7. Gwanjon kasuwar Katangowa ta Legas ko sabuwa a can Ingila? Mafi yawa sun ce ya sayi ta gwanjo don sauka jirgi, ya yayyafa mata ruwa ya gani kafin ya biya. Kuma mai ɗaukar ido, don ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara a can.