Shawarwarin da na tattaro kan yawon jirgin ruwa a Kogin Nilu

Waɗanda suka taɓa zuwa Masar sun yi ittifaƙi a kan lokaci: a je tsakanin Oktoba da Afrilu, don zafin birnin Aswan a watan Yuli ba ya barin mutum ya tsaya kallon komai. Tafiyar jirgin daga birnin Luksor zuwa Aswan yawanci kwana 4 ce, dawowa kuma kwana 3.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne zaɓin jirgi. Wasu sun fi son manyan jirage masu wurin ninkaya, amma a Edfu da Kom Ombo, garuruwan da ake tsayawa a hanya, jiragen kan jeru gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin biyu ko uku kafin ka taka ƙasa. Ni dai ra'ayina ya karkata ga dahabiya, ƙaramin jirgi mai filafilai da ɗakuna kaɗan. Tana da tsada, amma tana tsayawa inda manyan ba sa iyawa.

Karnak, tsohon wurin bauta na zamanin Fir'auna da ke Luksor, a shiga da sassafe. Abu Simbel kuwa, wani tsohon wurin bautar da aka sassaƙa a jikin dutse, jirgin ba ya kaiwa can, tafiyar kusan kilomita 280 ce daga Aswan, don haka a tambaya ko kuɗinta na cikin lissafi tun kafin a biya.